Yadda ake sauya wa tsohuwar laftof babbar manhaja daga Windows zuwa Linux Mint

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, ɗakina a nan Madina bai rabu da baƙi masu rungume da laftof ba. Galibinsu ɗaliban Jami'ar Musulunci ne, daga Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram, sai kuma 'yan'uwa masu sana'a da suka daɗe a garin. Kukansu ɗaya ne: kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma ta ƙi karɓar Windows 11. Dalilin shi ne Windows 11 na neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Wanda ya sayi Core i5 ƙarni na 6 ko na 7 a Haraj, kasuwar kayan hannu, da kuɗin da ya yi watanni yana tarawa daga alawus ɗinsa, ƙofa ta rufu masa ke nan.

Irin wannan kwamfuta ba ta mutu ba, da sauran shekaru a gabanta. Na ɗora wa da yawa Linux Mint, babbar manhaja ce kyauta wadda aka fara fitarwa a 2006, kuma fuskarta ta fi sauran 'yan'uwanta kama da Windows: ga maɓallin menu a ƙasa ta hagu, ga agogo ta dama. Linux ɗin ma ba baƙo ba ne a hannunka, a kan ƙashin bayansa aka gina Android da ke cikin wayarka. Abin da nake roƙonka, ɗan'uwa, shi ne kada ka goge komai sai ka gwada da idonka, musamman rubutun Larabci, don a nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Kayan aiki

Filas guda biyu masu giga 8 ko fiye, ɗaya na Linux, ɗaya na ajiye Windows saboda ɓacin rana. Ka saya a shago amintacce irin Jarir, don filas na jabu yakan lalata aikin a tsakiya. Sai ma'ajiyar waje da za ta ɗauke duk fayilolinka. Sai intanet mai ƙarfi, domin fayil ɗin Mint ya kusa giga 3, kuma bayan an girka za a sauke ƙari. Caja a jone tun daga farko har ƙarshe. Wayarka da igiyarta ta USB. Biro da takarda. Da kuma lokaci: ka ware yammaci guda, ba daren da za ka miƙa bincike washegari ba.

Ita kwamfutar, Mint na neman ram giga 2 aƙalla, amma giga 4 ne ake jin daɗinsa, da fili giga 20, an fi so ya kai 100. Dole ta zama mai 64-bit. Wannan bayani na masu HP, Dell, Lenovo da makamantansu ne, MacBook mai guntun Apple hanyarsa daban.

1. Rubuta abin da kake yi da kwamfutar

Ɗauki takarda ka jera duk manhajar da ka buɗe a wata guda da ya wuce. Wannan matakin ne zai gaya maka ko sauyin ya dace da kai.

Duk abin da ake yi ta burauza zai yi aiki ba tare da wani bambanci ba: Absher na hidimomin gwamnatin Saudiyya, shafin banki, Blackboard, YouTube, Gmail, WhatsApp Web. Tabbatarwar Nafath, wadda ake shiga shafukan gwamnati da ita, dama a waya ake yin ta. Zoom, Telegram, Chrome da VLC duk suna da na Linux. Maktaba Shamila kana iya karanta ta a shafinta na intanet.

Waɗanda ba su da na Linux kuwa su ne Microsoft Word da Excel na girkawa, Photoshop, iTunes, da manhajar jarrabawa LockDown Browser. Haka manhajar Mus'hafin Madina ta Cibiyar Sarki Fahad, wadda ake ɗauko ayoyi da ita da rubutun Usmani a saka cikin Word. Idan kana tsakiyar rubuta risalar majistir ko dakta, ko kwalejinku na yin jarrabawa da waccan manhaja, to kada ka kori Windows. Ka zaunar da su biyun a kwamfuta ɗaya, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wanda za ka shiga. Wanda kuwa aikinsa bai wuce karatu, sauraron darasi, wasiƙa da lissafin shago ba, ya goge Windows gaba ɗaya ya huta.

2. Kwashe kayanka

Kwafe Desktop, Documents, Downloads, Pictures, da duk abin da ke sashen D idan akwai. Bayan ka gama, cire ma'ajiyar ka jona ta a wata kwamfutar, ka buɗe fayil biyar ko shida ka ga suna buɗuwa. Idan kana amfani da OneDrive, ka lura: fayil mai alamar gajimare sunansa kawai ke cikin kwamfutarka, shi kansa yana intanet, sai ka sauke shi kafin ya kwafu.

Kalmomin sirri da burauza ta riƙe maka shekara da shekaru su ne abin da aka fi mantawa. Shiga asusunka na Chrome ko Firefox ka kunna daidaitawa, ko ka rubuta muhimman a takarda.

Ba zan manta wani yaro ɗan shekarar ƙarshe ba da ya zo mini bayan la'asar, idonsa ya yi ja. Ya girka da kansa a masauki, ya zaɓi goge ma'ajiya yana zaton sashen C kaɗai za a taɓa. Ya ce, "Malam, babi uku ne a ciki, da rikodin ɗin darussan Harami na shekara biyu." Muka kwana muna tono da manhajar ceto fayil. Babi ɗaya muka samu a imel ɗin da ya taɓa tura wa mai duba shi, sautukan kuwa gutsattsari suka dawo, babu suna babu tsari. Shi ya sa ba na taɓa kwamfutar kowa sai na ga kwafin da idona.

Idan ba ka da ma'ajiyar waje, Google Drive na ba kowane asusu giga 15 kyauta. Takardu su tafi can, bidiyo da sauti ka raba su a filas ko ka ari ma'ajiyar abokin ɗakinka.

3. Shirya Windows kafin ka taɓa ta

Abu uku ne. Na farko, sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft ka haɗa filas na Windows ka adana. Lasisin yawancin laftof a jikin na'urar yake, idan ka koma zai dawo da kansa.

Na biyu, BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da ma'ajiya a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Rubuta BitLocker ko "Device encryption" a wurin bincike na Windows. Idan a kunne yake, shiga asusunka na Microsoft ka kwafe mabuɗin ceto, lambobi 48 ne, a takarda. Sannan ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa, yakan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Wanda ya tsallake wannan zai iya kunna kwamfuta ya tarar da shuɗin allo yana tambayar lambobin da bai taɓa gani ba.

Na uku, ga mai niyyar haɗa biyu: a Control Panel shiga Power Options, sannan "Choose what the power buttons do", ka cire alamar "Turn on fast startup". Muddin yana kunne, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana riƙe ma'ajiyar, Linux kuma ba zai iya rubutu a sashenta ba.

4. Sauke Mint ka haɗa filas

Je linuxmint.com, can kaɗai. Za ka ga iri uku: Cinnamon, MATE da Xfce. Mai ram giga 4 zuwa sama ya ɗauki Cinnamon, wanda tasa ta gaza haka ya ɗauki Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Jerin Mint 22, wanda aka fara fitarwa a Yulin 2024 a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Sauke Rufus, manhajar da za ta haɗa filas ɗin, daga rufus.ie. Jona filas, zaɓe shi a sama, danna SELECT ka nuna masa fayil ɗin Mint, sannan START. Idan ya yi tambaya ka bar shi a zaɓin da ya ba da shawara. Duk abin da ke cikin filas ɗin zai goge, don haka ka cire ma'ajiyar da ka kwafe kayanka a ciki kafin ka fara, kada hannu ya kuskure. Kwafe fayil ɗin Mint kai tsaye cikin filas kamar yadda ake kwafe hoto ba ya aiki. Idan Rufus ya ƙi, balenaEtcher na yin aikin.

5. Tayar da kwamfutar daga filas

Kashe ta, jona filas, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓi da sauri tun kafin tambarin kamfanin ya ɓace. HP F9 ne, Dell da Lenovo F12, Asus Esc. Acer ma F12, amma wani lokaci sai an fara kunna shi a BIOS, wato saitin na'urar kanta da ake shiga kafin Windows ta tashi. Zaɓi sunan filas ɗin, idan ya fito sau biyu ɗauki mai UEFI a gabansa. Idan Windows ta riga ka, sake gwadawa, ko ka riƙe Shift ka danna Restart, ka zaɓi "Use a device".

Mint na tashi da Secure Boot, wani tsaro da ke cikin BIOS, a kunne a yawancin kwamfutoci. Idan taka ta ƙi, shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, ka kashe shi.

6. Gwada kafin ka girka

Abin da ya bayyana a gabanka cikakken Mint ne yana gudana daga filas, bai taɓa ma'ajiyarka ba. Zai ɗan yi nauyi, laifin filas ne. Zauna da shi aƙalla rabin awa. Jona wayfai. Kunna karatun Alƙur'ani a YouTube ka ji sauti ta lasifika da ta abin kunne. Gwada ƙara hasken allo da rage shi. Gwada wurin shafa yatsa, kyamara da makirufo, Bluetooth, da firinta idan kana da ita. Rufe murfin ka buɗe ka ga ko ta farka.

Sannan babban gwaji. Kawo fayil ɗin Word mafi wahala da kake da shi, mai Larabci da wasulla, da hashiya a ƙasan shafi, da ayoyi, da tebur. Buɗe shi da LibreOffice Writer, wanda ke zuwa tare da Mint. Rubutun zai fito daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, amma kamanninsa za su sauya, shafi 40 ya koma 43, kanun babi ya zame. Dalili shi ne nau'in rubutun Traditional Arabic da Sakkal Majalla, waɗanda kwalejoji da yawa a nan ke shar'antawa a bincike, tare da Windows suke zuwa. Mint zai musanya su da wani. Ayoyin da aka saka da manhajar Mus'hafi kuwa suna iya komawa akwatuna ko baƙaƙe marasa ma'ana idan babu nau'in rubutunsu. Ka duba da kyau ka yanke hukunci a nan: za ka iya rayuwa da haka, ko Windows za ta zauna a gefe don tsara shafukan ƙarshe?

Idan wayfai bai fito ba sam, kada ka karaya. Yawanci katin wayfai na kamfanin Broadcom ne, a tsofaffin HP da Dell. Jona wayarka da igiya, kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, za a gyara shi a mataki na 8.

7. Girkawa

Danna "Install Linux Mint" sau biyu. Zaɓi harshe, Turanci ko Larabci. Shawarata Turanci, saboda idan matsala ta taso amsoshin da za ka samu a intanet da shi aka fi rubuta su. A wurin allon rubutu ka bar English US tukuna. Sa alama a "Install multimedia codecs" don sauti da bidiyo su yi aiki. Idan Secure Boot na kunne za a nemi ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi, rubuta ta.

Shafin da ke biye shi ne wurin da ake nutsuwa. "Install Linux Mint alongside Windows Boot Manager" na nufin su zauna tare, za a ba ka layin da za ka ja ka raba fili, ka ba Mint giga 60 zuwa 100. "Erase disk and install Linux Mint" na nufin a share ma'ajiyar baki ɗaya, C da D da komai. "Something else" na ƙwararru ne, bar shi. Idan kana son haɗa biyu amma zaɓin farko bai fito ba, tsaya, kada ka ci gaba. Ko dai BitLocker bai kashu ba, ko ka tayar da filas ba ta UEFI ba. Idan kuma mai girkawar ya yi ƙorafin Intel RST, sai an mayar da saitin ma'ajiya zuwa AHCI a BIOS, kuma yin hakan kai tsaye yana hana Windows tashi. Mai goge Windows ba ruwansa, ya sauya kawai. Mai haɗa biyu ya nemi wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da shi.

A taswira zaɓi Riyad. Rubuta sunanka da kalmar sirri da baƙaƙen Turanci, ba na Larabci ba. Wannan kalma za a riƙa tambayarka ita duk lokacin da za a girka wani abu. Minti 10 zuwa 20 ya gama, ya ce ka cire filas ka danna Enter. Idan shuɗin allo ya fito da rubutun "Enroll MOK", zaɓe shi, ka ci gaba, ka sa waccan kalmar ta wucin gadi. Sau ɗaya ake yi.

8. Ranar farko

Buɗe Update Manager, mai alamar garkuwa kusa da agogo. Zai tambaye ka ko kana son ma'ajiyar saukewa mafi kusa, amince, ka zaɓi mafi sauri a jerin, ka girka duk sabuntawar. Sai Driver Manager: a nan katin Broadcom da katin hoto na Nvidia ke samun direbansu, wato manhajar da ke sa su aiki. Sai Firewall, ka kunna. Sai Timeshift, ka sa ya riƙa ɗaukar hoton tsarin kwamfutar, ta yadda idan wani abu ya ɓaci za ka koma jiya. Amma ka sani Timeshift manhaja yake adanawa, ba takardunka ba. Kwafe su a waje yana nan a wuyanka.

Manhaja kuma daga Software Manager ake ɗauko ta, kamar Play Store. Fayil mai ƙarewa da exe na Windows ne, ba zai buɗu a nan ba. Chrome da Zoom daga shafinsu za ka sauke nau'in deb, ka danna sau biyu.

9. Larabci da Hausa

A saitin Keyboard shiga Layouts, danna alamar ƙari, ka sa Arabic. Tsarin baƙaƙen kusan ɗaya ne da wanda aka buga a jikin laftof ɗin da ake sayarwa a nan. A jerin akwai Hausa ta Najeriya, mai ba da ɓ, ɗ da ƙ. Buɗe hoton allon ka ga inda kowanne yake, ka daina rubuta "kasa" alhali "ƙasa" kake nufi. A zaɓuɓɓukan wurin za ka iya mayar da sauya harshe zuwa Alt da Shift kamar yadda hannunka ya saba.

A LibreOffice shiga Tools, Options, sashen harsuna, ka sa alama a "Complex text layout" ka zaɓi Larabcin Saudiyya. Nan take maɓallan juya rubutu dama da hagu za su bayyana a sama. A sashen Load/Save ka sa ya riƙa adanawa a docx, don wanda ka tura wa ya iya buɗewa. Abin da za a buga ko a karanta kawai, tura shi a PDF, ba ya motsi.

Nau'in rubutu: nemi Amiri a Software Manager, naskhi ne mai kyau ƙwarai, kyauta. Cibiyar Sarki Fahad ma tana raba nata a shafinta, har da na Usman Ɗaha da na Hafs, ka sauke ka danna sau biyu ka girka. Kunshin ttf-mscorefonts-installer zai kawo maka Arial da Times New Roman, amma babu Traditional Arabic a cikinsa.

10. Agogon masu haɗa biyu

Sau da yawa idan ka fita daga Mint ka shiga Windows sai ka tarar agogo ya koma baya da awa 3 cif. Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC a agogon na'urar, Windows kuma tana karanta shi a matsayin lokacin gari, Saudiyya kuwa tana gaban UTC da awa 3. Ga mai duba agogon kwamfuta don lacca ko iƙama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Mint buɗe Terminal, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta wannan layi daidai, ka danna Enter, ka sa kalmar sirrinka:

timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock

Sannan ka shiga Windows ka gyara agogon sau ɗaya. A Terminal idan aka nemi kalmar sirri ba za ka ga baƙaƙen da kake bugawa ba. Haka aka yi shi, buga ka danna Enter. Kuma kada ka kwafi umarnin da ba ka san aikinsa ba daga intanet, musamman mai farawa da sudo.

Idan bayan duk wannan kwamfutar tana jan ƙafa, duba ma'ajiyarta. Tsohuwa mai juyawa ce a yawancin waɗanda ake kawo mini, kuma musanya ta da SSD, ma'ajiya mai sauri marar juyawa, ya fi komai sauya tafiyar laftof. Dabarar da na fi so ke nan ga mai tsoro: a cire tsohuwar da Windows ɗinta a ajiye a aljihun tebur, a sa sabuwar SSD a girka Mint a kai. Idan bayan wata guda bai gamsu ba, kusoshi kaɗan ne a mayar masa da tsohuwar yadda ya bar ta. Tunda an riga an buɗe bayan, a hure ƙurar da ta toshe fankar, don zafin Madina a watan Yuli ba ya raga wa na'urar da ba ta numfashi.